Gambara a Bakin Iyaka

An san Illela da kasuwar Lahadi, ta shanu da raƙuma, amma ba a cika kawo sunanta a zancen waƙa ba. To, a hutun da ya wuce wasu mawaƙan gambarar zamani su biyu, masu furfura a gemu, suka ƙetaro daga Ƙwanni suka yi wasa a wani fili bayan tasha. Na kuwa je.

Babu kalangu, sai na'ura da janareta. Amma fa duk wanda ya san 'yan gambarar kasuwa zai gane aikin: wannan ya jefa magana, wancan ya cafe tun ba ta faɗi ba, ya mayar da amsa-amo iri ɗaya, Hausa tana cuɗanya da Faransanci. Da suka shiga zancen rufe iyaka na 2023, watau lokacin da kaya suka ruɓe cikin motoci, aka raba ɗan'uwa da ɗan'uwa, sai filin ya yi tsit. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Ɗiyana, wagga ai gambara ta, ganga ɗai anka sake."

A 1995 mutanen New York sun yi wa OutKast, mawaƙa biyu na Atlanta, ihu, don suna ganin kudancin Amurka ba shi da abin faɗi. Mu ma muna da masu irin wannan kallo. Na kai wa malamina wannan batu don kundin digirina. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan adabi ne?" Har yau takardar tana kan teburinsa.