Ranar Da Inna Ta Zaunar Da Ni Gaban Ƙwarya Huɗu

Ni haifaffiyar Kano ce, kuma har aka ɗaura mini aure a ƙarshen shekarar 2016 ban san nono yana da wani suna da ya wuce nono ba. In dai fari ne kuma da tsami, to shi ke nan, a zuba sukari a sha.

Aure ya kai ni Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna kuma aka binne shi a 1837, garin shinkafa da tafarnuwa. A gidan su maigidana fura ba abin marmari ba ce, ita ce abincin rana, kuma Inna, wato mahaifiyarsa, ta yi suna a kanta. Ana cikin haka wata rana na ce bari in burge shi. Na sayi nono da kaina, mai kauri kamar kunu, na dama masa. Ya sha ludayi biyu, ya ce “sannu da aiki”, ya rufe da faifai. Wallahi da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ranar na yi kuka a ɗaki har idona ya kumbura, kuma ban san laifina ba.

A watan Maris na 2017 yayarsa da ke aure a Rabah, mahaifar Sardauna, ta haihu. Inna ce za ta kai furar suna. Ana jibi suna sai ta aika aka kira mata masu nono huɗu, kowacce ta kawo samfur, wadda aka zaɓa ita za ta kawo na taron. Gwaggo, ƙanwar baban maigidana, ta zo takanas daga Goronyo, ga kuma wata tsohuwa aminiyar Inna. Ina ɗaki ina leƙe sai na ji Inna ta ce, “Amarya, taho ki zamna nan.” Gabana ya yanke ya faɗi.

Aka jera ƙwarya huɗu a tabarma, da ƙananan ludayi, da kwanon ruwa a gefe. Masu nonon suka koma zaure, don a cewar Inna ba a yanke wa nono hukunci a gaban mai shi. Aka miƙo mini ludayi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kurɓa kamar mai jin ƙishirwa. Gwaggo ta ce, “To, mi kinka ji?” Na sunkuyar da kai na ce duk da daɗi. Ta ce ai ba taron suna aka zo ba tukuna, in zaɓi ɗaya. Abinka da wadda ba ta sani ba, sai na nuna ta uku, wadda ta fi kauri. Ai kuwa Gwaggo ta kwashe da dariya har da tafi. “Ɗiyar Kano ta zaɓi kuka!” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce in kurkure baki, ta soma da ni daga farko. Da ido ake farawa: a karkata ƙwarya a ga yadda nono ke bin gefenta. Kindirmo, wanda ba a cire masa mai ba, yakan yanke gutsi-gutsi, kuma samansa da ɗan maiƙo. Tsala kuwa shi ne wanda aka kaɗa aka kwashe man shanu, ya fi ruwa kuma ya fi tsami, ba aibi ba ne, kuɗinsa ne ba ɗaya ba. Bayan ido sai hanci. Ta sa na toshe hancina na kurɓa, sai na ji tsami kawai. Da na saki sai ga ƙamshin mai ya taso. Ashe yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke yin sa. Daga nan a kurɓi kaɗan, a riƙe a baki, a juya shi da harshe. Kuma daga marar tsami ake somawa a ƙare da mai tsami, in ba haka ba harshe ya mutu tun a ƙwaryar farko.

Da na koma wa ta ukun a tsanake sai na gane. Tsaminta na kama gefen harshe ne kamar na tsamiya, launin ya ɗan yi duhu, kuma da na murza ɗigo tsakanin yatsu na ji gari-gari. Garin 'ya'yan kuka ne aka jiƙa aka haɗa da ruwa don nono ya yi auki. Irinsa na dama wa maigidana! Inna ta ce kada in tsani mai shi, rani ne, shanu sun rame, nono ya yi wuya, kuka ba ta cutarwa, abin da ba ta yarda da shi ba a sayar mata da shi a kuɗin kindirmo. Ta biyu kuma madarar gari ce aka kwaɓa aka sa mata iri ta kwana, santsinta ya yi yawa kuma ba ƙamshin saniya ko kaɗan.

Daga baya na karanta cewa Turawan Faransa haka suke yi wa giyarsu ta inabi, su duba, su sansana, su kurɓa su tofar. Allah ya raba mu da abin da suke kurɓa, amma na ce a raina ashe Inna da ba ta taɓa zuwa ko Legas ba ta riga su a tabarmarta.

Saura ta ɗaya da ta huɗu. Gwaggo ta kafe a kan ta huɗu, don mai ita daga wajen Goronyo take, kuma a ganin Gwaggo tun da aka gina madatsar ruwan garinsu a kan gulbin Rima a 1984 babu shanun da suka kai nasu cin ɗanyar ciyawa. A lokacin mata na yawo da ƙwarya a ka tsakanin garuruwan nan hankali kwance. Bayan hare-haren 'yan bindiga, har da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, da yawa daga waɗanda na sani sun daina zuwa, ita ma mai ƙwarya ta huɗun ban sake ganin ta ba.

Na kai ludayin ta huɗu hancina, sai zuciyata ta tashi. Wani wari-wari na ji can ƙasa. Na rasa yadda zan yi: in yi shiru a kai wa mutanen Rabah abin da zai zubar da sunan Inna, ko in musa wa Gwaggo, ni da ko wata huɗu ban yi a gidan ba, kuma yanzun nan aka gama yi mini dariya. Muryata na rawa na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, kamar ina jin tafarnuwa.”

Wuri ya yi tsit. Gwaggo ta ce ita ba ta ji komai ba. Inna ta ɗauka ta sansana, ta daɗe, sannan ta aika a tambayi mai nonon. Yarinya ta dawo ta ce gaskiya ne, shanun sun kwana biyu suna kiwo a fadamar da aka cire tafarnuwa, sun ci ragowar ganyen. Saniya in ta ci albasa ko tafarnuwa sai ya fito a nononta. Aka zaɓi ta ɗaya. Gwaggo ta harare ni ta ce, “Hanci kamar na kyanwa,” amma da za ta tafi ta ba ni goro biyu fari.

Bayan la'asar ina wanke ludayi sai Inna ta matso kusa da ni ta rage murya. Ta ce ita shekara arba'in tana sansana nono amma sai da ƙyar ta ji warin nan. Ta ƙare mini kallo tun daga sama har ƙasa, ta ce, “Ɗiyata, yaushe rabonki da hwashin salla?” Na yi lissafi da yatsu a ɓoye, sai na saki ludayin na ruga ɗaki. Tun daga ranar ta hana ni taɓa nonon da ba a tafasa madararsa ba, kuma a watan Nuwamba aka yi sunan ɗiyata ta fari. Ni na zaɓi nonon, Gwaggo na zaune a gefe tana cewa ai ita ta koya mini.