Shagon da aka rufe a cikin waya

Ku matso da kujerunku, ƴan'uwa, kuma don Allah maganar nan ta tsaya a fadar nan, domin mai ita ba ta so a ji a gari. Kun san ƙanwata mai sayar da atamfa da turaren wuta. Cinikinta duka a waya yake, a wani dandalin sada zumunta da ba zan kama sunansa ba. Matan Doso da na Yamai, har da na Kamba a tsallaken iyaka, a nan suke ganin kaya su turo kuɗi, ita kuma ta sa a mota. Wata safiya ta tashi ta tarar an rufe mata shafi. Ba dalili, ba gargaɗi. Hotunan kaya, saƙonni, sunayen waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami, duk suna ciki.

Alhaji, kai da ka tsufa a kasuwa, ka san abin da ya fi ƙona mata rai ba asarar ciniki ba ce. Kuɗin mutane na hannunta, ba ta da hanyar ce musu ga abin da ya faru. Tsoronta a ce ta cinye ta ɓace. Ta yi kuka, wallahi, kuma ni ma abin ya taɓa ni.

Na karɓi wayar na shiga neman wanda zan yi wa magana. Lambar da za a kira babu. Sai wani akwatin rubutu, ka zuba kukanka da Faransanci ko Ingilishi, na'ura ta amsa maka nan take cewa sun gode, ga lambar ƙorafinka. Su ce ka turo hoton katin ɗan ƙasa. Ka je ka sayi kati ka zuba, ka jira rezo ya dawo, ka tura, su ce hoton bai fito ba. Ka sake bayani tun daga farko, amsar jiya ce za ta dawo maka, ko wasali bai canja ba. A kasuwar Gaya in dila ta zo a jiƙe daga Kwatano, ka san direba, ka san dillali, ka san maigidan da za ka yi wa sallama bayan la'asar. Ko ba a biya ka ba, an dai saurare ka. Can kuwa ba fuska, ba dattijon da zai shiga tsakani. Wannan rainin shi ne ban iya haɗiyewa ba.

Mu mutanen Gaya bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil, kamyo suka yi layi, wanda duk abincinsa ya rataya a kan gadar nan ya ji a jikinsa, sai masu jirgin ruwa suka zama hanya. Haka cinikin da ya dogara ga ƙofa ɗaya, wadda mabuɗinta ke aljihun wani. Ko ba a rufe ka kai kaɗai ba, ƙofar kan toshe wa kowa: ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Maƙwabtanmu na Najeriya kuma sun yi zaman rashin Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Shi ya sa na zauna koyon gina shafin intanet na kanmu. Malam, na ga ka ɗaga gira, kana cewa wannan aikin ƴan jami'ar Abdu Mumuni ne. Saurara ka ji. Abu uku ne kawai. Akwai suna, wanda ake haya shekara-shekara, mai ƙarewa da .com, ko .ne namu na Nijar, kamar yadda Najeriya ke da .ng, Benin ke da .bj. Akwai masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ba a kashe ta dare da rana, inda ake ajiye shafin. Sai shafin kansa, wanda ake rubutawa da HTML, a yi masa ado da CSS. HTML ɗin nan rubutu ne zalla da ƴan alamomi: wannan take ne, wannan sakin layi ne, nan hoto zai zauna. Kana iya rubuta shi a wayarka, ka buɗe ka ga yadda ya fito, ko da babu rezo. Wanda ba ya son rubutun yana iya ɗaukar WordPress, da ke nan tun 2003, ya cike gurbi kawai. Kuma ku sani, Tim Berners-Lee, Baturen Ingilan da ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN a 1989, bai kulle shi ba; a 1993 cibiyar ta sake shi kyauta ga kowa. Ba izinin kowa kake nema ba kafin ka koya.

Inda aikin yake da daɗi shi ne gyara shi daidai da garinmu. Hoton atamfa kamar yadda waya ta ɗauke shi nauyi gare shi, mai saye a Tanda ko Bengu zai gaji da jira ya fita, don haka sai an rage shi sosai kafin a ɗora. Farashi na sa shi da sefa, na naira kuwa na ce a tambaya, tunda sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa yau da gobe ba ɗaya ba. Rubutu da Hausa da Faransanci, kuma akwai layi guda da ake sawa a saman shafin, mai cewa UTF-8, in babu shi ƙ da ɗ da ɓ namu sai su rikiɗe su zama tarkace. Ranar da ƙanwata ta ga “ɗan kunne” ya fito daidai a shafin da ke ɗauke da sunan sana'arta, ta daɗe tana kallo.

Kada in yi muku zaƙin baki, shafi ba ya kawo mai saye da kansa. Har yanzu tana tallata kaya a dandalin nan da sabuwar rajista, sai dai kowane hoto yana nuna hanyar zuwa nata shafin, lambobin masu saye kuma suna cikin littafi da biro. Kamfanin masauki ma yana iya yin shiru in ka nemi taimako. Bambancin shi ne kwafin shafin yana hannunka, suna naka ne, ka kwashe ka koma wani. Wannan kuwa sai in sunan da kanka ka yi rajistarsa. Ku ja kunnen duk wanda za a gina wa: kada ya bari yaron da ya yi aikin ya sa nasa imel da tasa lamba, domin ran da suka ɓata, ko yaron ya tafi Legas, shafi ya tafi da shi.

Na kuma faɗa mata gaskiya, Yaya ne ni, dole in faɗa. Lambar da ta sa a shafin, in an kira a ɗauka. In mota ta yi latti ta riga mai kaya kira. Abin da aka yi mata kada wata baiwar Allah a Doso ta ɗanɗana shi a hannunta.

Saura matsala ɗaya, ita ce ma ta sa na buɗe muku cikina. Sunan .com kan ci wajen dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara, kuma masu sayarwa katin banki suke karɓa, ba kuɗin da ake turawa ta Nita ko Al Izza ba. In ranar sabuntawa ta wuce ba a biya ba, wani na iya saye. Alhaji, kai ne mai kati a cikinmu. In ka yarda, ita ta kawo maka sefa a hannu kai ka biya, amma rajistar da sunanta za ta zauna. Malam, kai kuma ka rubuta mana ranar, wata guda kafin ta cika ka tuna mana.