Wudil: Garin Da Ke Tsakiyar Tafiyar Kogi

Ranar Juma'a na isa Wudil, ranar da kasuwar kara ke ci, bayan tafiyar kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri. Ban tsaya kallon shanu ba, sai na gangara ƙarƙashin gada, inda masu ɗiban yashi ke loda kwale-kwale, mata na wanki, yara na iyo, masunta kuma na gyaran koma.

Shi wannan kogi ba a Wudil ya faro ba, ba kuwa nan zai tuƙe ba. Koguna biyu ne suka haɗu a wajen Tamburawa, watau Kogin Kano wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa wanda aka datse a ƙasar Karaye a 1992. Daga Wudil sai ya miƙe Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, ya ratsa Gashuwa, har ya doshi Tafkin Chadi. Saboda haka duk abin da na sama ya zubar, na ƙasa ne zai sha.

To, me na sama ke zubarwa? Masana'antun jima da ke Sharaɗa da Challawa suna amfani da sinadarin kuromiyam, kuma ruwan da bai sami tacewa sosai ba yakan gangaro ta rafin Salanta da magudanai zuwa kogi. Na gaida wani dattijon masunci, na ce, “Baba, yaya ruwa?” Ya yi murmushi, ya nuna mini da haɓa inda wata kwata ta cikin gari ke kwararowa baƙi ƙirin, taku kaɗan daga inda yaro ke cika tulu. Nan na gane cewa Wudil ba karɓa kawai take yi ba, ita ma tana bayarwa: ruwan wanka da na wanke-wanke, da jinin mahauta, da abin da damina ke kwasowa daga masai. Ta wannan hanya kwalara da taifot ke samun ƙofar shiga gida.

Mai karatu zai ce ai tace ƙazamin ruwa sai babban birni mai injuna. Ba haka ba ne. Akwai dabarar da ta dace da ƙaramin gari a ƙasa mai zafin rana, kuma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san kududdufi. Tafkuna uku ake haƙawa a jere a bayan gari, a daɓe gindinsu da yumɓu don kada su gurɓata rijiyoyi. Na farko mai zurfi ne, kamar mita 3, inda dauɗa ke kwantawa ta ruɓe. Na biyu bai kai shi zurfi ba. A cikinsa gansakuka ke ba da iskar da ƙananan halittu ke bukata don cinye sauran ƙazanta. Na uku kuwa kamar mita 1 ne, don rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan 'yan makonni ruwan zai fito ya isa ban-ruwan gona ko komawa kogi. Ba ya bukatar lantarki, sai fili, da magudanai, da ma'aikacin da zai riƙa nome ciyawa don hana sauro.

Amma fa a lura, waɗannan tafkuna ba su da ikon raba ruwa da kuromiyam. Wannan nauyi ne na masu masana'anta, tilas su tace nasu tun bai fita daga harabarsu ba.

Da la'asar na hau gada na dubi gabas, inda ruwan ya nufi Ringim. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garin da ke kukan abin da aka turo masa daga sama, ya kamata ya fara duba abin da shi yake turawa ƙasa. Allah ya sa hukuma da jama'a su farga, amin.