Madawa, Buza, Keita: bisa sawun kilishi

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ya san inda barcin mota ke yankewa. Bayan an wuce Ƙwanni da Galmi, an ci kimanin kilomita 500, sai mota ta gangara kwarin Tarka ta shiga Madawa. Tun direba bai gama tsayawa ba samari sun kewaye ta da faya-fayai bisa kai, kowa na kiran nashi: ga ja, ga fari, ga mai yaji. Ma'aikacin da aka aiko daga biro ya laluba aljihu, ɗan kasuwa ya buɗe jaka, tsohuwa ta kwance haɓar zane, domin kowa ya san wanda ya ratsa Madawa ya isa gida hannu rabbana sai ya sha tambaya wurin uwargida da yara. Garin na da albasa, yana da tabarmin kaba, amma tsarabar da ta kai sunansa nesa ita ce kilishi.

Ma'aikatan da suka je karatu ko taro ƙasashen Turawa sun san wani abinci da ake karya kumallo da shi a otel-otel da gidajen shan gahawa na can, musamman Ingila da Amurka. Salar nama ce siririya wadda aka jiƙa da gishiri, sau da yawa aka turara da hayaƙi, a soya ta a haɗa da ƙwai da burodi. Bekon suke ce mata, kuma daga cikin alade ko gadon bayansa ake yanko ta. Baƙon da ya zo neman irinta a gidajen abinci na Madawa, Buza ko Keita zai gaji da yawo a banza. Jama'ar wannan yanki, Gobirawa da Adarawa da Abzinawa da Fulani, Musulmi ne, hanin cin alade kuwa a fili yake cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara da ta Ma'ida. To amma buƙatar da ta haifi bekon a can ita ce ta haifi kilishi a nan, wato yadda za a ajiye nama ya daɗe bai lalace ba tun zamanin da babu firiji. Turawa sun dogara ga sanyi da gishiri da hayaƙi, mutanen Adar da Gobir suka dogara ga rana da busasshiyar iska.

Aikin na farawa tun da asuba a mayanka. Mahauci ba ya ɗaukar kowane nama, tsokar cinyar sa yake nema, wadda ba kitse ba jijiya, ko da yake ana yi da na rago da na akuya, har da na raƙumi. Sai ya zauna da wuƙa mai kaifi, ya ɗora tsokar bisa katako ko bisa tafin hannunsa, yana yanka yana warware ta kamar mai kwance rawani, har curi guda ya koma shimfiɗa mai faɗi wadda ake hangen hasken rana ta cikinta. Nan gwani ke bambanta da ɗan koyo, domin in wuƙa ta huda salar ta rage daraja, in ta yi kauri kuma cikinta ba ya bushewa. Daga nan a baza ta bisa gadon kara a rana. Wajen kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, saboda haka abin da aka auna da safe ba shi ake kwashewa da marece ba. Wanda ke kukan tsadar kilishi ya tuna da wannan lissafi.

Bayan shanyar farko sai a dama tunkuza ta gyaɗa da ruwa, a zuba citta, masoro, kanumfari, barkono, tafarnuwa, albasa da gishiri, kowane gida da ma'auninsa wanda ba ya faɗa wa maƙwabci. A tsoma salar ciki, a sake shanyawa, sa'an nan a gasa ta ɗan lokaci kaɗan bisa garwashi. Wanda aka sa wa launi shi ne ja, wanda aka bari da launin gyaɗa shi ne fari. Akwai kuma rumuzu, wanda ba a tsoma shi cikin tunkuza, mai da gishiri da yaji kawai ake shafa masa. Lokacin hunturu da bazara ne kakar sana'ar. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, ƙuda ya yawaita, sai aiki ya ja baya, mai gaggawa kuma ya kwashi asara.

Sala guda ta kilishi ta haɗa ƙasashe da yawa. San ya fito daga garkunan arewa, ko bajimin Azawak ne ko jan san Bororo, ya biyo kasuwannin dabbobi irin ta Tunfafi kusa da Madawa. Gyaɗa ta gonakin kudu ce da na jahar Maraɗi, albasa ta fadamar Tarka. Citta na shigowa daga Nijeriya, inda kudancin Kaduna ya shahara da nomanta, kanumfari kuwa haja ce ta nesa, irin wadda Zanzibar da Madagaska ke fitarwa. Shi ya sa duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka sai ya taɓa faifan mai kilishi. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, dabbobin Nijar sun yi araha ga masu saye daga waje, aka yi ta kora su kudu, mahaucin gida ya shiga takara da manyan dillalai. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa bayan juyin mulkin Yuli na 2023, wanda aka ɗage a Fabrairu na 2024, ƴan kasuwar yankin sun ga yadda hanya ke iya toshewa dare ɗaya.

Ita hanyar ma tana da tarihi. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana wa Ingilishi da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ya tura Faransawa bin hanyar arewa marar rijiyoyi in za su Damagaram. Sai da aka gyara iyakar a 1904 da 1906 sa'an nan suka samu bi ta Ƙwanni, Madawa da Maraɗi. Tun daga nan Madawa ta zama zango, zango kuwa guzuri yake sayarwa. Naman da ba ya nauyi, ba ya ruɓewa cikin kwanaki, shi ne abokin fatake a da, shi ne abokin direban kamiyo a yau.

Wanda ya bar kwaltar Damagaram ya yi arewa, ya kama hanyar da ta ratsa Buza da Keita ta ɓulle Tawa, zai ga ƙasa ta sake kama. Tuddai ne na baƙin dutse da jan marmara, tsakaninsu kwaruruka masu ni'ima. Wannan ita ce Adar Dutsi Majiya. A kwarin Majiya ido na faɗawa bisa dogayen layukan dogon yaro da suka ratsa gonaki, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE, domin kare gero daga iska. Garin Buza na nan cikin duwatsu, ba shi da hayaniyar Madawa. Mai neman abinci a nan teburin mai shayi zai nufa da safe, ya samu burodi da soyayyen ƙwai da kofi mai madara. Da rana akwai shinkafa da wake wurin mata masu tuwo-tuwo, akwai fura da nono. Da magariba ta gabato sai hayaƙin masu tsire da balangu ya tashi bakin tasha, malamin lakwal da ma'aikacin likita su haɗu bisa benci guda da mai amalanke. Nama a nan na yau ne, a yanka da safe a cinye kafin dare, domin matafiya ba su kai na babbar hanya yawa ba.

Keita ta fi sauran sanin Turawa. Bayan farin 1984, wanda ya karkashe dabbobi ya kori mazaje zuwa cin rani, babban furoje na raya karkara da ƙasar Italiya ta ba kuɗinsa, hukumar FAO ta riƙe aikinsa, ya shiga farfaɗo da ƙasa. Hukumar PAM ta riƙa biyan leburori da abinci, akasarinsu kuwa mata ne. Su suka ɗauki duwatsu bisa kai, suka jera su a gangaren tuddai, suka haƙa ramukan tare ruwa, aka gina madatsai, aka dasa itatuwa miliyoyi. Wannan aiki ya shafi sana'ar fawa kai tsaye, domin tudun da ya riƙe ruwa shi ke fitar da ciyawa, ciyawa ke yin sa, sa ke yin kilishi. Kasuwannin Tamaske da Ibohaman na ci da abin da tuddan suka ciyar.

Akwai wani darasi kuma da ya dace a ɗauka daga ƙasar su waɗannan baƙi. Italiya ma ƙasar busasshen nama ce. Cinyar alade ta birnin Parma da busasshen naman sa na kwarin Baltelina, wanda suke kira biresawola, duka sun samu rajistar kare suna ta Tarayyar Turai a 1996. Ma'anarta ita ce ba mai ikon liƙa wannan suna bisa hajarsa sai wanda ya yi ta a yankin, bisa ƙa'idojin da aka rubuta, kuma ya yarda a zo a bincika. Nijar ta bi wannan sawu. A 2023 hukumar OAPI, mai mazauni a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17 na Afirka, ta miƙa takardun rajistar kilishin Nijar da albasar Galmi. Rajistar ta ƙasa ce baki ɗaya, saboda haka Madawa na raba ta da sauran garuruwan da suka iya sana'ar, irin su Tasawa da Gidigir.

Sai dai takarda ba ta kore ƙuda. Mai saye na ganin abin da ke rage wa wannan haja daraja: shanya a fili gefen hanya inda kamiyo ke tada ƙura, naɗi cikin takardar buhun siminti, launin da ba a san asalinsa ba, tsohon kilishi da aka shafa wa mai aka ɗumama ya koma kamar sabo. Akwai kuma masu tallar abin da ba a Madawa aka yi shi ba suna rantsuwa da sunan garin. Matafiyin da cikinsa ya ɓaci sau ɗaya ba ya tuhumar yaron da ya sayar masa, garin duka yake tuhuma, ya kuma ba da labari a biro da kasuwa. Kifi ɗaya ke ɓata ruwa. Kantunan Yamai da na ƙetare kuwa, inda riba take, ba su karɓar nama sai da leda rufaffiya, da kwanan wata, da shaidar likitan dabbobi.

Gyaran bai fi ƙarfin jama'a ba. Ragar da za ta rufe gadon shanya, rumfa nesa da kwalta, ruwa mai tsabta a mayanka, ma'auni guda da kowa ya yarda da shi, duk ba su kai kuɗin bajimi biyu ba in mahauta sun haɗa kai ƙarƙashin sarkin fawa. Aikin magajin gari ne ya ba su fili, na ma'aikatan kiwo su duba nama tun kafin wuƙa ta hau shi, na ƴan kasuwa su sa jari a naɗi da sufuri maimakon kora shanu da ƙafafunsu zuwa kudu, a bar wa wasu ribar fata da tsoka. Sana'ar gado ce, ɗa ke karɓar wuƙa daga hannun uba, amma saurayin da ya ga ba ta ciyar da gida tashar mota zai nufa, ya tafi Abija ko Libiya, hannun da ya iya warware tsoka kuwa ba a shekara guda ake samunsa ba.

Da la'asar, lokacin da motar Tawa ke fita daga Keita, ta Yamai na tsaye a Madawa, samari na miƙa ƙunshi ta taga, ana ta cinikin na jika guda da na jika biyu. Gobe da safe wannan ƙunshi zai buɗe a wani gida na Yamai ko Agadas, yara su kewaye shi, maigida ya gutsura ya ɗanɗana, a tambaye shi na ina ne. Allah ya sa amsar ta ci gaba da zama abin alfahari ga mutanen Madawa.