Abin da Kunnen Baduku Ya Tara a Kurmi

Dukanci aikin hannu ne da ido. Hannu na riƙe da basilla, ido na bin ɗinki, kunne kuwa zaune yake ba aikin fari ba na baƙi tun hantsi har la'asar sakaliya. Shi ya sa ban ga masu sauraro a birnin Kano kamar mu mazauna rumfunan Kurmi ba: dukawa, masu ɗinkin hula, masu shirya tsakiya da murjani a zare, masu haɗa sirdi da linzami. Duk lungun da ka kutsa a kasuwar nan za ka ji murya na fitowa daga rumfa, mai rumfar kuwa ko ɗago kai bai yi ba. A cikin wannan na tashi, a cikinsa na tsufa. Yaran layinmu sun dame ni da tambayar me nake ji a waya da ba na gajiya da shi, to ga amsarsu, haɗe da dalili.

Ina ƙaramin yaro BBC ta fara magana da Hausa, a 1957. Rediyon Kaduna ta biyo a 1962, ta Jamus a 1963, Muryar Amurka sai 1979, ta Faransa kuwa ta baya-bayan nan ce, a 2007. Lokacin da aka fara zaunar da ni a rumfar mahaifina, akwatin rediyo ba kowa ke da shi ba. Wanda Allah Ya hore wa ɗaya, ya san ba nasa ba ne shi kaɗai, na layin ne duka. Idan lokacin labarai ya yi sai ka ga manya sun ajiye almakashi sun matso, yara sun yi tsit, mai ciniki ma ya tsaya da kayansa a hannu. A haka muka ji rasuwar Sardauna a Janairun 1966, a haka muka ji ta Murtala ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, da ta Malam Aminu Kano a Afrilun 1983. Ban taɓa jin babban labari ni kaɗai ba a waɗancan shekarun. Kullum akwai wanda za ka kalla, shi ma ya kalle ka, ku yi salati tare.

Sai dai ba labaran ne suka fi zama mini makaranta ba, abin da ke biyo bayansu ne. Da an rufe tasha sai majalisa ta buɗe. Wani ya ce Landan sun faɗi kaza, wani ya ce a'a, da asuba Jamus ba haka suka ce ba, na uku ya ce ɗan'uwansa jiya ya sauka daga Kaduna, da idonsa ya gani. A zamanin PRP, lokacin da jam'iyyar ta dare gida biyu, layinmu akwai ɗan taɓo, akwai ɗan santsi, akwai ɗan NPN, kuma duk akwati ɗaya suke saurare. Dole ka ji hirar da aka yi da mutumin da ba ka so, daga farko har ƙarshe, domin rediyon ba naka ba ne balle ka murɗa. Haka abin yake da azumi a wancan zamanin. Tafsirin Malam Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello yana shigowa ta Rediyon Kaduna, na Shehu Ɗahiru Bauchi ma haka, ga namu na gida, Malam Nasiru Kabara da Malam Isa Waziri. Ɗan ɗariƙa ya ji na Izala, ɗan Izala ya ji na ɗariƙa. An yi musu, wani lokaci har da ɗaga murya, amma kowa ya san ainihin abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa, ba abin da aka ce ya faɗa ba. Da magariba ta yi kuma kwano ɗaya ake sa wa hannu.

Zamanin kaset ya zo ya wuce. Karatuttukan marigayi Malam Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe yana limancin sallar Asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007, a kaset yawancinmu muka san su. Rediyon Freedom ta buɗe a 2003 ta kawo shirin Inda Ranka, aka fara jin kukan unguwannin Kano da bakin mutanen unguwar. Yanzu kuma ga waya. Jikana ne ya saka mini shirye-shiryen nan na murya da ake saukewa daga intanet, waɗanda suke kira fodkas, ya nuna mini inda ake dannawa.

Ba na cikin tsofaffin da ke cewa duk abin da ya zo daga baya ɓata ne. Wannan abu ya share mini hawaye ta fuska biyu. Da can idan mai saye ya tsaya ana tsakiyar rahoto, shi ke nan, rahoto ya tafi, sai dai ka nemi wanda ya ji ya ba ka guntu. Yanzu sai in tsayar, mu gama ciniki, in ci gaba daga inda na tsaya. Na biyu, kunne ya fara nauyi. Maganar da ta kuɓuce mini ina iya mayar da ita baya in sake ji, ba tare da na dami kowa da "me ya ce?" ba. Wanda bai kai shekarunmu ba ba zai gane girman wannan ni'ima ba.

Da safe, kafin kasuwa ta cika, Najeriya a Yau na jaridar Aminiya nake fara sakawa. Gajere ne, batu ɗaya yake ɗauka, ya nemi wanda abin ya shafa da wanda ya san kan abin, ya sallame ka. Ɗan'uwansa Daga Laraba, mai fita mako-mako, ya fi karkata ga zamantakewa: aure, tarbiyya, haya, bashi, irin abubuwan da ke hana magidanci barci. Ga ɗan kasuwa kuwa, ban san shirin da ya kai Kasuwa A Kai Miki Dole na rediyon Faransa amfani ba, musamman da yake suna leƙa Nijar, mu kuwa cinikinmu da mutanen Maraɗi da Damagaram da Agadas ya girmi iyakar da aka shata tsakaninmu. Idan farashin sefa ya motsa, a Kurmi muna jin sa a jikinmu kafin a rubuta a jarida.

Na ga amfanin irin waɗannan shirye-shirye ƙuru-ƙuru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Wa'adi aka sa ƙarshen Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sannan Kotun Ƙoli ta ce a Maris tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. A tsakanin nan kasuwa ta rikice. Mutum ya zo daga ƙauye da tsofaffin takardu, wannan rumfa ta karɓa, ta kusa da ita ta ƙi, kowa da saƙon muryar da aka turo masa yana cewa daga majiya mai ƙarfi ne. Waɗanda suka daure suka saurari cikakken bayani daga gidan da ke da suna, su ne suka san ranar karɓa da ranar dakatawa, kuma su ne ba su wulaƙanta abokan cinikinsu na shekaru ba.

Daga BBC, Ra'ayi Riga na daren Juma'a ba ya wuce ni, ko da sai wayewar gari zan ji shi. Ina son sa ne domin shi ya fi kama da majalisarmu ta da: a zaunar da masu saɓani, a bar kowa ya kai aya. Gane Mini Hanya yana da kyau idan an sami baƙon da ke amsa tambaya ba kewaye ba. Amsoshin Takardunku kuwa tsohon aboki ne, da shi na san ƙasashe da sarakunan da ban taɓa jin sunansu a makarantar allo ba. Labaran gasar Hikayata, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, a gida nake saka su, ni da mai ɗakina da 'yan matan gidan. Na ji abubuwa daga bakin matan ƙasar nan a cikin waɗannan labarai da namiji zai shekara sittin a kasuwa bai ji ba, kuma ina shawartar kowane magidanci ya zauna ya ji su da iyalinsa, kada ya ce na mata ne. Ji Ka Ƙaru na rediyon Jamus da Domin Iyali na Muryar Amurka su ma suna cikin wayata.

To amma akwai abin da ke damuna, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yanzu idan na duba layinmu, kowane yaro da abin ji toshe a kunnensa. Su biyar a rumfa ɗaya, kowa da duniyarsa. Wannan na dariya, na kusa da shi bai san me aka ce ba. Kuma tunda kowa shi ke zaɓar abin da zai ji, sai ya zaɓi wanda zai gaya masa abin da dama yake so. Ɗan wannan jam'iyya ba ya jin kowa sai sojojin bakan jam'iyyarsa. Almajirin wannan malami bai taɓa zama ya ji karatun wancan malami cikakke ba, sai guntun minti ɗaya da aka yanko domin a tunzura shi. Ita wayar ma, da ta lura da abin da kake so, irinsa za ta yi ta jero maka. A haka ƙiyayya ke girma tsakanin mutanen da ba su taɓa sauraron juna ba. Mu da muka ga Kano a Disambar 1980, lokacin Maitatsine, mun san inda kunnen da ba ya jin kowa sai mutum ɗaya yake kai mai shi.

Sai kuma muryar da ba ta da uba. Ku tuna Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Cutar ba ta ma iso Kano ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, amma gishirin ya kwantar da mutane a asibiti a sassan ƙasar nan, har da waɗanda suka rasa rayukansu. Wa ya fara faɗa? Kowa cewa yake an ce. Yau abin ya fi haka haɗari, domin na'ura na iya kwaikwayon muryar malami ko shugaba ta sa masa maganar da bai yi ba. Ni ba na sayen fatar da ban san majeminta ba, domin idan jima ba ta kai ba, sai jaka ta je hannun mai ita sannan ta fara wari, sunana ne kuma zai ɓaci. Magana ma haka nake yi mata. Wane ne ya faɗa, a wane gida yake aiki, idan ƙarya ce a ina za a same shi? Malamanmu na hadisi tun tuni suka koya mana tambayar mai ruwaya kafin a karɓi ruwaya. Saƙon da aka turo ba suna, ba rana, ba wuri, a wayata yake mutuwa, ba na tura wa kowa.

Don haka na sayi 'yar sifika na ajiye a bakin rumfa. Abin da zan ji, a fili nake saka shi, yaran shago su ji, maƙwabci ya ji, wanda ke da ja ya ja. Sau da yawa yaro ɗan shekara ashirin ya kawo mini bayanin da ban sani ba, ni kuma in gaya masa yadda makamancin abin ya faru a zamanin Gowon ko Shagari. Kuma da gangan nake saka hirar wanda ba na goyon baya, in bar ta har ta ƙare. Masu shirye-shiryen hira a YouTube, wasunsu na ƙoƙari, amma da yawa sun mayar da tonon asiri da gulmar ma'aurata jari. Waɗannan ba sa shiga rumfata. Ina kuma roƙon masu gabatarwa su riƙa barin baƙo ya gama magana, su kuma tuna cewa tsohuwar da ke sauraro a Gabari ko Koki ba ta jin rabin Turancin da suke cusawa.

Abu ɗaya ne na nema a wayar nan ban samu yadda nake so ba, shi ne mu kanmu. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Baturen Jamus Heinrich Barth ya shigo ta a 1851 ya rubuta abin da ya gani. A da, daga nan fatake ke tashi zuwa Gwanja neman goro, daga nan jar fatar awakinmu ke haura Sahara har Turawa su san ta da sunan fatar Maroko. An sayar da bayi ma a nan, wannan ma tarihinmu ne, bai kamata a ɓoye ba. Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, amma sai idan akwai wanda ya zuba masa. Dattawan da suka ji labarin ayarin raƙuma daga bakin kakanninsu, waɗanda suka san sunan kowane irin ɗinkin tumtum da kube, da yadda ake haɗa rinin fata da bagaruwa da karan dafi, da yadda ake ciniki da wuri kafin kwabo, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka kai makwancinsa, da abin da ke kansa aka binne shi.

'Ya'yana masu wannan sana'a ta shirin murya, da ɗaliban Jami'ar Bayero masu karatun jarida da tarihi, ba sai kun je Abuja neman baƙo ba. Wayar da ke aljihunku ta isa. Ku shigo Kurmi da hantsi kafin ciniki ya kankama, ku yi sallama, ku durƙusa ku gaida dattijo, ku nemi izininsa, sannan ku kunna na'ura ku yi shiru. Ku leƙa Kwarin Mabuga, ku je karofin Ƙofar Mata, ku je wurin majema. Ku fara da waɗanda suka fi tsufa, kuma ku fara a wannan watan.