Ƙofar Rumbu ce ta Lalace, Hatsi na Nan

Duk wanda ya tashi a karkara ya san cewa idan ƙofar rumbu ta ƙi buɗuwa ba a cinna wa rumbun wuta, sai a nemi dabarar gyara ta, domin abin da ke ciki shi ne abincin shekara. Wannan magana da kowane manomi ya sani ita ce nake so in tuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, tun da yake yanzu rumbunmu ya koma kwamfuta, hatsinmu kuwa shi ne abin da muke tattarowa daga bakin dattawa.

A cikin kwamfuta akwai wata manhaja mai kula da fayiloli, wadda a tsarin Windows ake kira File Explorer tun daga 2012. Aikinta shi ne ta nuna wa mutum jakunkunan ajiyarsa, ta buɗe masa wadda yake so. Watau ita ƙofa ce kawai; fayilolin kansu suna kwance can a faifan ajiya, ko ta tashi ko ta faɗi.

A hutun da ya wuce na zaga ƙauyukan Gwaram ina naɗar waƙoƙin daka da na niƙa daga bakin tsofaffin mata, saboda kundin neman digiri. Na kuma ɗauko hotunan zanen shanu na Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Wayar da na yi aikin da ita ta aro ce, saboda haka na juye kome a jaka guda cikin kwamfutata, na mayar wa mai abu abinsa. Bayan mako biyu sai ga matsala: da zarar na taɓa jakar nan, sai tagar ta daskare, allo ya yi fari, sa'an nan ta rufe kanta. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin nan Allah ya yi mata rasuwa, muryarta kuwa ba ta rage a ko'ina ba sai a jakar.

Wani mai gyara a Birnin Kudu ya ce laifin haruffa masu lanƙwasa ne da na sa a sunayen fayilolin, kuma magani ɗaya ne, a yi mata fomatin, wato a share kome a sake zubi. Ban yarda ba, domin ɓ da ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ga kuma wasu jakunkunan masu irin waɗannan sunaye suna buɗuwa lafiya lau. Lalle cutar tana wani wuri dabam.

Abin da na fara yi shi ne ceton hatsin kafin in taɓa ƙofar. Akwai wata baƙar taga da ake kira Command Prompt, inda ake ba kwamfuta umarni a rubuce ba tare da an bi ta mai kula da fayiloli ba. Ta nan na yi amfani da umarnin robocopy na kwafe jakar ɗungum zuwa filashi. Sai da na ga fayiloli 46 sun cika cif, sa'an nan na sami barci.

Kashegari na shiga neman dalili. Ashe duk lokacin da aka buɗe jaka, manhajar nan takan leƙa cikin kowane hoto da bidiyo domin ta zana ɗan ƙaramin hotonsa a gefen sunansa, kuma takan nemi taimakon wasu manhajojin kallon bidiyo da aka ɗora wa kwamfutar. Idan mataimakin ya ci karo da gurɓataccen fayil ya yi tuntuɓe, sai ya ja ta su faɗi tare. Da na shiga wurin zaɓuɓɓuka na hana ta zana ƙananan hotunan, sai jakar ta buɗe kamar ba ita ba.

Saura gano mai laifi. Na raba fayilolin gida biyu, na mayar da zanen hotunan, na gwada kowane kashi. Wanda ya kā da ita na sake raba shi biyu. A gwaji na shida sai ga shi: wani bidiyo ne da cajin waya ya ƙare ana tsakiyar ɗaukarsa, ya zauna ba ƙarshe. Na ware shi gefe, na cire wata manhajar kallo ta kyauta da ke tuntuɓe a kansa, na share tsofaffin ƙananan hotunan da Disk Cleanup, na kuma ba da umarnin sfc /scannow domin a duba lafiyar tsarin. Tun daga ranar ba ta sake faɗuwa ba, kuma ko ɗango ɗaya na waƙa bai salwanta ba.

Abin lura a nan shi ne, zanen Birnin Kudu ya daɗe ƙwarai domin a jikin dutse yake, waƙar daka kuwa ta rayu domin tana bakin mata da yawa. Yau injin niƙa ya karɓi aikin dutsen niƙa, masu waƙar suna ƙarewa, abin da muka naɗa kuwa bai da taurin dutse, bai kuma da yawan bakuna, sai in mu muka yawaita masa masauki. Saboda haka ina roƙon Sashen Hausa ya tanadi ma'ajiya inda kowane ɗalibi zai miƙa kwafin naɗe-naɗensa tare da kundinsa. Ku kuma 'yan'uwana, duk ranar da aka ce muku a share, ku ce a fara kwafewa tukuna. Allah ya jiƙan waɗanda suka ba mu amanar muryoyinsu, ya ba mu ikon riƙe ta.