Yadda Na Rabu Da Kwamfutar Girke

A wannan watan labarin wata tsohuwar kwamfuta na zo maku da shi, wadda ta yi shekara 11 a kusurwar falonmu a nan Ƙaraye, da kuma yadda aka yi na sauya ta da irin wadda ake ɗauka a jaka, wato laftof. Na san akwai da dama cikinku da yara suka fara matsa wa da cewa a saya masu, ko kuma ke kanki kike da buƙata saboda aiki ko sana'a, kuma kuɗin ba ƙananan kuɗi ba ne da za a zubar a kan kuskure.

A shekarar 2014 maigidana ya sayo mana ita daga wani shagon buga takardu da aka rufe. Irin ta girke ce, mai ƙaton akwati da allo mai ƙeya kamar tsohuwar talabijin. Ni kuwa dama na ɗan koyi bugun rubutu tun ina kwaleji a Kano, don haka sai na mayar da ita ofis ɗina. Rajistar ɗalibai 163 na Islamiyyar da nake koyarwa tana ciki, da inda kowane yaro ya tsaya a hadda, da wanda ya biya kuɗin wata da wanda ake bi, da tambayoyin jarrabawa na shekara da shekaru. A cikinta kuma na sa Maktabatus Shamila, wannan manhaja mai ɗauke da dubban littattafan Larabci, wadda ta hutar da ni aron littafi a gidajen malamai.

Aibinta ɗaya ne, amma babba: in babu wuta, ita da kujera duk ɗaya. Kina tsakiyar rubuta tambaya ta 15 sai ki ji ɗif, abin da ba ki adana ba ya tafi. Da can sai a tayar da ɗan janareta, to amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 na daina iya kallon idon maigida in ce a ƙona fetur saboda takardar jarrabawa. A watan Oktoba na 2024 kuwa, lokacin da Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu, da hannu na rubuta tambayoyin aji shida, aka kai shago aka yi hoto. Ga shi duk Asabar ina zuwa Rogo, garinmu, ina karantar da matan aure a wani ajin da muka buɗe a gidan yayata. Duk abin da na shirya sai dai in kwafe shi a takarda, domin kuwa ba wanda zai ɗora wannan akwati a mota ya kai Rogo ya dawo da shi duk mako.

A daminar 2025, cikin watan Agusta, aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare ana ruwa, ni kuma na manta ban zare ta daga bango ba. Ƙaurin ƙonewa ne ya tashe mu. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ceto wasu abubuwa daga ma'ajiyarta, amma rajistar shekara biyu ta ƙarshe ba ta dawo ba. Kin san abin da ya fi ci mani rai? Wata uwa ta zo ta ce ta biya kuɗin 'ya'yanta uku na wata huɗu, mai karɓar kuɗi ya ce bai tuna ba, ni kuma da nake da alhakin rubutawa ba ni da abin nunawa. Daga aljihuna na cike, ba don na tabbatar da wanda ke da gaskiya ba, sai don laifin nawa ne. Shekara 11 ina zuba amanar mutane a wuri guda, ban taɓa kwafe ta a ɗan filashi ba.

Da muka zauna shawara, maigida ya ce a sake sayen ta girke. Hujjojinsa kuma ba na wasa ba ne. Ta fi araha, in wani abu ya lalace a cikinta ana cire shi kaɗai a sa wani, ɓarawo ba ya sa ta a hammata ya fita, kuma ba mai zuwa aro. Ya ce, "Malama, abin da ba ya tafiya ba ya ɓata." Na ce masa ni kuwa abin da ba ya tafiya ne ya hana ni aiki. Sai ya ce to me zai hana in yi da waya, tunda kowa ma da ita yake yi yanzu? Waya tana da nata amfanin, amma ki gwada rubuta Larabci da wasulansa shafi uku a kanta, ko jera makin yara 163, ki ga yadda idonki zai yi. Sannan ga babbar 'yata tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Ba na so ranar jarrabawa ta zama ranar da hannunta zai fara saba wa da madannai. Da wannan na shawo kansa, ko in ce ya yi shiru.

Kwasar adashina ta zo a watan Nuwamba, Naira 250,000, maigida ya ƙara mani wani abu a kai. Na ɗauki ƙanena, wanda ya fi ni sanin kan waɗannan kaya, muka shiga Kano. Mun zaga Titin Beirut, mun kuma leƙa Farm Centre. A wani shago aka miƙo mani wata siririya, fara sol, marar nauyi, kuma kuɗinta bai kai rabin abin da ke jakata ba. Har na fara lissafin abin da zan yi da canji. Ƙanena ya karɓa ya juya ta, ya ce, "Yaya, wannan Chromebook ce, Shamilarki ba za ta hau ba." Ashe ita ba Windows ke cikinta ba, an yi ta ne domin wanda yawancin aikinsa a intanet yake, ma'ajiyarta kuma 'yar ƙarama ce. Ba wai ba ta da kyau ba ne, ba tawa ba ce kawai. Da ni kaɗai na je, da na dawo Ƙaraye da kyan ɗan maciji.

Daga nan na daina kallon fenti, na koma tambayar abin da ke ciki. Abu na farko da ya nuna mani shi ne shekarun injin. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 ba kowace tsohuwar kwamfuta take karɓa ba. In mai injin Intel ce, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama. Yawancin laftof ɗin da ke kasuwa na hannu ne da aka shigo da su daga waje, kuma za ki ji mai shago yana ta nanata "Core i5 ce, Hajiya", alhali akwai Core i5 da ta girmi 'yarki ta firamare. Ki ce a buɗe maki inda aka rubuta lambar injin. Idan kin ga i5 sannan lamba huɗu da ta fara da 8, kamar 8250, to zubi na takwas ce. In da 4 ko 5 ta fara, tsohuwa ce ƙwarai, kada a sayar maki da ita da kuɗin sabuwa.

Sai RAM, wadda ƙanena ya kwatanta mani da faɗin tabarmar da kike baza kayan aiki a kai. Ya ce kada in yarda da ƙasa da 8GB. Ma'ajiya kuma iri biyu ce: tsohuwar mai faifai da ke juyawa a ciki, da kuma SSD wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Ta biyun ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ta fi jure girgiza, abin da duk mai hawa motar haya zuwa Rogo da jaka a cinya za ta fahimta. Na zaɓi mai 256GB, ya ishe ni.

Amma inda na fi daɗewa shi ne wajen batir, tunda saboda shi na baro ta girke. Batirin laftof ta hannu ya riga ya ci rabonsa, kuma duk mai shago zai ce maki yana awa biyar. Na sa aka cika ta, aka zare caja, na kunna karatu mai hoto, na zauna a kan benci ina kallon agogo har minti 30. Ta farko ta sauka daga 100 zuwa 61, na mayar. Ta biyu ta tsaya a 88. Mai shagon har ya fara tsokanata da cewa ko kwana zan yi, na ce masa kuɗin adashi ne, wata goma na yi ina zubi. Kafin in biya na danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, na gwada kowace kafar filashi, na duba allon a kan farin shafi ko akwai tabo, na kuma tabbatar ba a kulle ta da wata kalmar sirri ta tsohon mai ita ba. Na sa aka rubuta mani rasit mai ɗauke da lambar da ke ƙasanta, domin kayan sata na yawo, kuma ba na son ranar da za a yi mani sallama da 'yan sanda. Haruffan Larabci kuwa na mannawa na saya a nan kasuwar, da kaina na lilliƙa su a gida.

Ba zan ɓoye maki ba, na ji daɗinta. Cajarta wat 65 aka rubuta a jiki, don haka ɗan solar da muke kunna fitilu da fanka da shi yana cika ta da rana. Ranar Asabar ta farko da na buɗe ta a Rogo na sa wa matan karatun Husari, irin wanda yake yi a hankali domin mai koyo, muna tsayarwa muna maimaitawa. Wata dattijuwa da muka yi wata biyu muna fama da ita a kan bambancin wasu haruffa biyu, a ranar ta kama. Na koyi kuma cewa ba a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska, kuma da hunturu sai an riƙa rufe ta a jaka saboda ƙura.

To, sai ga maganar maigida ta dawo ta wata ƙofar da ban zata ba. Wani dare cikin watan Janairu na 2026 na farka wajen ƙarfe ɗaya, na hangi haske ta ƙasan ƙofar ɗakin yara. Na tura, sai ga 'yata a cikin bargo da laftof a kan ƙirji, abin ji a kunne, tana kallon fim ɗin Indiya na fassara da wata ƙawarta ta zuba mata a filashi. Ba wani mugun abu na gani a allon ba, amma jikina ya yi sanyi. Shekara 11 yaran nan suna taɓa waccan tsohuwar, ban taɓa kafa wata doka ba, kuma ban taɓa buƙatar kafawa ba. Tana falo, fuskarta na kallon ƙofa, duk mai wucewa zuwa kicin yana ganin abin da ake yi, in aka kunna ta kuma ƙarar fankarta kaɗai ta isa ta tona asiri. Ashe nauyin nan da nake ƙorafi a kai yana yi mani wani aikin tsaro ban sani ba. Duk tambayoyin da na yi a kasuwa, ban tambayi kaina inda za ta riƙa kwana ba.

Ta ce, "Umma, wallahi yau ne kawai." Ban yi mata faɗa a daren ba, na karɓa na ce ta kwanta. Da safe na gaya wa babanta, ya dube ni, bai ce komai ba, ni ma ban nemi ya ce ba.

Abin da muka yi shi ne, mun mayar da tsohon teburin inda yake a falo. In dai a gida take, a kansa ake buɗe ta, fuskarta na kallon ƙofa kamar waccan. Ƙanena ya raba ta gida biyu: ɓangarena mai kalmar sirri inda rajistar makaranta take, da ɓangaren yara inda ba za su iya sa wata manhaja ba sai da ni. Bayan sallar isha'i tana shiga jaka, jakar kuma tana ɗakina. 'Yata tana da minti 40 kullum bayan la'asar na koyon bugun rubutu, kuma yanzu ta fi ni sauri a boko, ko da yake a Larabci har yau ina gabanta. Masu zuwa aro ma sun zo, kamar yadda aka faɗa mani. Ƙanen maigida ya nemi ya tafi da ita makaranta na mako guda, na ce ya yi haƙuri akwai amanar mutane a ciki, in yana so ya zauna a falo ya yi aikinsa. Ya ɗan yi fushi na kwana biyu.

Duk ranar Alhamis kuma, in na tashi daga makaranta, ina kwafe rajistar a filashi biyu. Ɗaya yana cikin durowar gadona, ɗayan kuma ina tafiya da shi Rogo ranar Asabar, in ba yayata ta ajiye, in karɓo na wancan makon.